Azumin Auta

A layin kamfanonin jima na Challawa, in ka tambaya wa ya fi kowa sanin tunkiya, Malam Labaran za a nuna maka, sannan a ƙara maka da cewa ta waje ya san ta. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana wankin fatu a ɗaya daga cikin kamfanonin. Ya shafa gadon bayan tumaki fiye da kowane makiyayi, sai dai duk sa'ad da suka haɗu, mai fatar ta riga ta shiga tukunya. Shi ma ba ya musu. "Riga ake kawo mini wanki," in ji shi, "mai rigar kuwa tuni an sha romonta."

Mutumin ƙasar Jahun ne. Cin rani ya zo yi Kano yana saurayi, ranin ya ƙi ƙarewa. Gajere ne, hularsa kullum a karkace, bakinsa ba ya hutawa sai in yana salla, nan ɗin ma wasu sun ce da ƙyar. Warin jima ya kama jikinsa har ya zama in ya shiga adaidaita sahu zuwa gida Panshekara, fasinjoji sai su takure su bar masa kujera sukutum. Ya ce shi kaɗai ne talakan da ake ba zaman Alhaji bai je Makka ba.

Komai na duniya Labaran yana iya mai da shi abin dariya, ban da wani kofin silba.

Matarsa Kulu ta taɓa yin ciki sau ɗaya, a farkon aurensu. Naƙuda ta yi tsawo a gida, kafin a kai ta asibiti yaron ya riga ya koma, mahaifar kuma ta yage. Likita ya ce in ba a cire ta ba, uwar ma za ta bi ɗan. Tana kwance a gadon turawa a bakin ɗakin tiyata, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage, ta dube shi ta ce, "Malam, ruwa." Ya ruga ya aro kofin silba a wurin wata mai jinya, ya ciko shi, isowarsa ke nan wata nas ta tare shi da hannu. Ta ce ba a ba wanda za a yi wa aiki ruwa. Aka tura Kulu ciki tana waiwayen kofin. Nan ya tsaya riƙe da shi har aka fito da ita, bai sha ba, bai zubar ba, bai ma san yana hannunsa ba sai da mai kofin ta zo karɓar kayanta.

Kulu ta rayu. Dangi suka yi maganganun da dangi kan yi, Labaran ya riƙa amsa musu da wasa har suka gaji suka kama wani. Zancen ranar kuwa, shi da ita ba wanda ya ƙara tayar da shi.

Sai Kulu ta kama kiwo a ɗan tsakar gidansu. Tumaki sun zo sun tafi, wasu an sayar da Salla, wasu an ba maƙwabta don suna, amma ɗaya ta zauna. Uda ce, gabanta baƙi, bayanta fari, kamar an fara tsoma ta a tawada aka fasa. Uwarta ta mutu ranar haihuwarta, Kulu ta raine ta da madara a fidar jarirai, ta shimfiɗa mata tsumma a ƙofar ɗaki, ta raɗa mata suna Auta.

"Auta kuma?" in ji Labaran. "A gidan da ba a yi ɗan fari ba?"

"An yi ɗan fari, Malam," in ji Kulu. "Zama ne bai yi ba."

Bai ƙara tsokanar sunan ba, sai ya koma tsokanar mai sunan. Ita ma ba ta bar shi ba. Ta tauna masa hula biyu da igiyar rediyo, in ya shimfiɗa tabarma ita ke fara hawa. Yakan kira ta Hajiya, ya ce mutanen gidan uku ne: Kulu, da Auta, da wani ɗan haya. Auta ta girma ta yi kyau, ta haihu ba sau ɗaya ba, har da tagwaye, ba tare da ta ba kowa wahala ba.

Ana nan kamfanin ya tsaya. Injuna suka yi shiru, ma'aikata suka watse, wasu Sharada, wasu Bompai, wasu suka koma gona. Labaran aka bari gadi, yana tsaron ƙofar da babu mai son shiga. Wata rana sai ga motoci. Aka buɗe sito ɗaya na baya, aka wanke, aka manna tayil, aka rataya wata fitila mai kama da faifai, aka kawo tebur na ƙarfe da janareta, aka kuma kafa garke a gefe. Labaran ya tabbata mahauta ne masu ilimin boko suka zo buɗe kwata.

Wanda ya warware masa shi ne Dakta Abdulbaƙi, likitan dabbobi, dogo mai sanyin magana. Ya ce su ƙungiyar likitoci ne, shugabarsu Dakta Fiddausi, likitar mata. Akwai matan da aka haifa ba su da mahaifa, akwai waɗanda aka cire wa tasu don a ceci ransu. A wasu ƙasashe an kai ga ɗauko mahaifar wata mace a dasa wa wata, har ta yi ciki ta haihu. Wahalar aikin tana wajen ɗinke jijiyoyin jini, waɗanda wasunsu ba su kai kaurin taliya ba. Hannun da bai saba ba, ba a kai shi jikin mutum. Shi ya sa ake fara koyo a kan tunkiya, don jijiyoyinta sun yi kusa da na mace. Za su cire mata mahaifa, su wanke ta da ruwan magani mai sanyi, su mayar mata da abarta su ɗinke, sannan su ga ko za ta kama.

Labaran ya gyara hula. "Wato ku cire, ku duba, ku mayar? Ranka ya daɗe, haka wani bakanike ya yi wa babur ɗina. Har yau ragowar noti na nan a gida cikin gwangwani."

Likitan ya yi dariya, ya ce shi ya sa ba su fara da babur ɗin mutane ba. Nan take aka ƙara wa Labaran aiki: shara, da ba tumaki abinci, da riƙe kai in za a yi allura.

Da farko mahaifar tumakin da aka yanka a kwata ake kawowa a kular ƙanƙara, likitoci su duƙufa a kanta yini guda suna ɗinki. Daga baya aka fara sayo tumaki masu rai daga kasuwa. Wasu sun tashi bayan aikin, wasu ba su tashi ba. Waɗanda ba su tashi ba Labaran ke haƙa rami ya binne, saboda maganin da ke jikinsu. Masu gadin maƙwabta suka fara zuwa gaisuwa da leda a aljihu, ya ce musu duk wanda ya ci naman nan zai yi barci sai an tashe shi cin na layya.

A gida bai faɗi gaskiyar aikin ba. Ya ce wa Kulu ɗinki suke koya, ya bar shi a nan. Amma mai baki irin nasa, ɓoyo ba ya daɗe masa. Wata rana suna cin tuwo yana ba ta labarin dillalan tumaki, yadda dillali zai rantse cewa tunkiya ta haihu sau uku, a duba a ga ko rago ba ta taɓa gaisawa da shi ba.

"To ina ruwan masu ɗinki da haihuwarta?" in ji Kulu.

"Ai ita suke nema. Lafiyayya, wadda aka san tabbas tana haihuwa. Don in sun mayar mata da mahaifar, ta ƙi ɗaukar ciki, su san daga aikinsu ne, ba daga..."

Ya tsaya da loma a hannu. Kulu ta ajiye cokalin miya. Ta sa shi ya faɗa mata komai daga farko, ba wasa a ciki, ya faɗa. Ta tashi ta kwashe kwanuka.

Da safe ya fito ya tarar ta ɗaura wa Auta sabuwar igiya, ta yafa mayafinta na unguwa.

"Ina zuwa da Hajiya? Biki?"

"Wurin aikinku."

"Kulu, ni nake haƙa ramin nan fa. Na san zurfinsa."

"Na ji. Tsayar mana da adaidaita."

Dakta Fiddausi gajeriya ce mai gilashi, ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta zaunar da Kulu a benci ta ce, "Mama, bari in gaya miki gaskiya. Tana iya mutuwa. In ta rayu, ba lalle ta ƙara haihuwa ba. Kuma mu koyo muke yi, tsakaninmu da taɓa mace akwai shekaru, wataƙila ma ɗalibanmu ne za su kai can, ba mu ba."

"Ni na wuce wurin, likita, ba don kaina na zo ba," in ji Kulu. "Ranar da na farka aka gaya mini an cire, abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kowa ya ce shi ke nan. Da akwai wanda ya ce mini ana nan ana koyon wani abu, ko ba zai iso kaina ba, da na fi samun barci." Ta shafa kan Auta. "Amma aro na ba ku, ba kyauta ba."

Sannan ta miƙa wa mijinta igiyar. "Malam, a hannunka na bar ta."

Auta ta zauna a garken ana auna ta, ana ɗibar jininta, tana cin dusar likitoci tana harar ɗan haya. Da aka sa ranar aiki, Dakta Abdulbaƙi ya kira Labaran ya yi masa bayani dalla-dalla. Tun daga jajibere ba abinci, daga baya ruwa ma a ɗauke. Tunkiya tana da tumbi, in an yi mata allurar barci da abu a ciki, sai ya taso ya gangara huhu, ko cikin ya kumbura ya danne numfashi. Labaran ya ji, ya gane, ya ma maimaita. Sauran tumakin da suka gabata duk haka ya yi musu, bai taɓa saɓawa ba. Amma su ba su san shi ba.

Auta ta san shi. Yinin jajibere duk inda ya gifta sai ta bi shi da ido tana kuka, irin kukan da take yi wa Kulu a ƙofar kicin. Ya koma bakin get ya kunna rediyo, kukan ya biyo shi. Da gari ya waye ranar aikin, ya leƙa garken ya tarar ta daina kukan ma, tana lasar busasshen daro. Ya miƙa hannu, ta lashe shi, harshen a bushe kamar fatar da aka manta a rana.

A garinsu ba a ɗora wa dabba wuƙa tana jin ƙishi. Mahaifinsa ko kaza zai yanka sai ya tsoma bakinta a ruwa, rago kuwa sai an ajiye masa ƙwarya an jira, ko liman ya riga ya yanka nasa. Yakan ce dabbar da aka sallama da ƙishirwa za ta kai ƙara gaban Ubangiji. Labaran ya dubi ƙofar sito inda wuƙaƙen likitoci ke jere a tire, ya dubi bakin Auta. Ga famfo nan kusa, ba nas a tsakani.

"Kurɓi ɗaya, Hajiya," ya ce. "Tsakaninmu."

Da ya tari ruwan sai ya ga ruwa zalla rowa ce. Ya watsa dusa tafi biyu, ya ƙara ɗan gishiri yadda Kulu ke yi, ya dama. Auta ba ta san kurɓi ɗaya ba. Kafin ya ce a'a ta shanye daron tas, ta bi da lasa. Ya wanke daron ya kife, ya goge mata baki da gefen rigarsa, ya koma get ya zauna kamar mutumin kirki.

Likitoci suka iso da hantsi. Kowa ya baro aikinsa na asibiti, ɗaya ma daga wani gari ya taso tun jiya. An dafa kayan aiki, janareta ya tashi, an aske cikin Auta. Labaran ya riƙe kanta, Dakta Abdulbaƙi yana zuƙo allurar barci a sirinji. A nan ne cikin Auta ya yi wani ƙugi a jikin gwiwarsa, maganar huhu ta dawo masa gaba ɗaya.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "tambaya ce ta ilimi. A ce wata tunkiya, ba wannan ba, ta wani gari can, ta ɗan jiƙa maƙoshi da safe..."

Likitan ya sauke sirinjin. Ya tsuguna ya danna gefen cikin Auta, ya buɗe bakinta ya shinshina.

"Baba, ita ta wani garin, me aka ba ta?"

"Ruwa ne."

"Ruwa kawai?"

"Ruwan ya haɗu da dusa a hanya."

Ba wanda ya yi dariya. Dakta Fiddausi ta zare safar hannunta a hankali, yatsa bayan yatsa, Labaran ya gwammace da ta zage shi. Da ta gama ta ce, "Malam Labaran, da ka yi shiru, a kan teburin nan za ta shaƙe muna kallo. Na gode da ka faɗa. Amma ka ga mutanen nan? Kafin in sake tara su sai wani watan." Aka kashe janareta, aka nannaɗe kaya. Auta ce kaɗai ta ji daɗin ranar, tana tsaye da askakken ciki tana tuƙa.

A hanyar Panshekara ya shirya labarin kala-kala, kowanne da abin dariyarsa. Da ya shiga ya ga Kulu zaune a tabarma da carbi, ba ta ɗora girki ba, duk abin da ya shirya ya zube. Ya tsuguna a bakin tabarmar ya faɗa mata yadda aka yi.

Ta dube shi. "Ruwan yanka ka ba ta ke nan."

"Ƙishi take ji, Kulu. Ba a kai dabba gaban wuƙa..."

"Na san al'adar, a gidanmu ma haka ake yi. Wadda ba za ta dawo ba ita ake ba. Ni ba yanka na aike ta ba, Malam. Kai tun a zuciyarka ka riga ka haƙa mata rami."

Bai musa ba. Ya sunkuyar da kai, can ya ce, da wata murya da ba ta saba ji ba, "Ke ma kin roƙe ni. Kofin yana hannuna. Aka wuce da ke kina kallonsa."

Kulu ta ajiye carbin. Shekara da shekaru suna kwana ɗaki ɗaya, ba ta san kofin nan yana nan a ransa ba.

"Wai shi kake ɗauke da shi har yau?" Ta matso kusa. "Na ji haushinka a lokacin, ba zan ɓoye ba. Har na ce a raina in na tashi sai na rama. Amma da ka ba ni, wa ya sani ko da ban tashi ba? Matar nan da ta tare ka, ta san zan dawo ne, shi ya sa ta hana. Ga ni kuwa, ina ta shan ruwa har ka gaji da sayen na 'yan garuwa."

Ya goge ido da hula ya ce hayaƙin maƙwabta ne. Ta ce maƙwabta yau ba su hura wuta ba.

Da aka sake sa rana, Kulu ta ce da ita za a yi. Jajibere da sassafe ta iso Challawa da tabarma da buta, ta karɓi makullin ɗakin dusa daga hannun Dakta Abdulbaƙi ta ƙulle a bakin zani, ta sa aka kwance kan famfon garken aka ba ta shi ma. Masu gadin maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko gaskiya ne an ɗauko wa maigadi maigadi. Labaran ya ce ƙarin girma ne, yanzu yana da ofisa a sama.

Ta shimfiɗa tabarmar a jikin garken. Ta ɗauki azumin nafila, ta ce ba za ta ci Auta na kallo ba. Labaran ya ga ba shi da fuskar shan shayi a gabansu, shi ma ya ɗauka, yana ta shelar cewa shi ne mutum na farko da tunkiya ta ja shi ibada. Da Auta ta fara kuka, Kulu ta zura hannu ta cikin sanduna tana sosa mata bayan kunne, tana yi mata hira ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yarinya za a yi mata kitso.

"Haƙuri za ki yi. Ni ma an yi mini. Za ki ji kamar maƙoshinki zai tsage, ba zai tsage ba. Ki yi barcinki, ki bar su su yi ɗinkinsu, yarinyar nan mai gilashi hannunta ba ya rawa, na duba."

Labaran ya zo wucewa da tsintsiya, Auta ta miƙo wuya wajensa.

"Kada ki dube ni, Hajiya," ya ce. "An sauke ni daga wannan muƙamin."

Washegari ma da azumi suka tashi su biyun. Dakta Abdulbaƙi ya danna cikin Auta, ya shinshina bakinta, ya dubi Labaran, Labaran ya nuna Kulu. Aka yi allurar. Ƙafafun Auta suka saki, aka ɗauke ta aka shiga da ita, ƙofar ta rufe.

Suka zauna a inuwar dalbejiya kusa da janareta. Hantsi ya wuce, aka yi azahar. Labaran ya tashi ya duba man janareta, ya dawo, ya sake tashi ya duba, har Kulu ta ce in ya ƙara buɗe murfin nan man zai ƙare don kunya. Sau ɗaya ya leƙa ta gilashin taga. Bai ga Auta ba, an lulluɓe ta da koren ƙyalle, sai kawunan mutane a haɗe a ƙarƙashin fitila, da Dakta Fiddausi sanye da wani gilashi mai ƙananan idanu a gaba, tana jan zaren da shi bai ma iya hango shi ba. Ya dawo ya zauna. A bayan sito akwai shebur ɗin da yake haƙa rami da shi, jingine da bango. Ya tashi ya ɗauke shi ya kai ɗakin gadi ya tura ƙarƙashin gado. Kulu ta gani, ta kau da kai.

Wajen la'asar Dakta Abdulbaƙi ya fito, rigarsa jiƙe da gumi. Ya ce an mayar, an ɗinke. Da aka saki jijiyoyin, mahaifar da ta yi fari fat a cikin ruwan sanyi ta koma ja a gaban idonsu, alamar jini ya shiga. Ko za ta kama sosai, ko Auta za ta sake ɗaukar ciki, wannan sai watanni sun nuna. Yanzu dai abin jira shi ne ta farka.

"Noti bai ragu ba?" in ji Labaran.

"Mun duba tiren, Baba. Ba ragowa."

Aka kwantar da ita a garken kan sabuwar ciyawa, an naɗe cikin da bandeji, an tokare ta da buhu don ta zauna a kan ƙirjinta. Kulu ta tsuguna a gabanta tana kiran sunanta. An daɗe ba abin da ke motsi sai haƙarƙari. Can kunne ɗaya ya karkaɗa. Idon ya buɗe ya rufe. Ta ɗaga kai, ya faɗi, ta sake ɗagawa, ta yi wani ɗan kuka a shaƙe kamar tsohuwar ƙofa.

Kulu ta kwance bakin zaninta ta miƙa wa mijinta kan famfo. Ya ɗaura, ya tari ruwa kaɗan a daro, ruwa zalla, ya zo ya tsaya.

"Tukuna," in ji Dakta Abdulbaƙi. "Sai ta riƙe kanta sosai, ta fara haɗiya."

Labaran ya tsaya riƙe da daron. Auta na kallon ruwan, yana kallonta. Hannunsa ya gaji bai ajiye ba. Rana ta gangara bayan dogon bututun hayaƙin kamfanin, ma'aikatan da suka tashi daga aiki suna wucewa a kan titi da kekuna. Dakta Fiddausi ta fito ta tsaya a bakin garken da takalmanta a hannu. Likitan dabbobin ya taɓa maƙoshin Auta, ya jira, ya sake taɓawa.

"To, Mama, a ba ta. Kaɗan."

"Malam ne zai ba ta," in ji Kulu.

Ya durƙusa ya kai daron bakinta. Ta shinshina, ta tsoma leɓe, ta kurɓa, ta kurɓa. Da likita ya ce ya isa, Labaran ya janye da kansa, ko da ta biyo shi da wuya. Da ta rasa daron sai ta kama gefen hularsa da leɓɓanta ta ja, ba ƙarfi, hular ma ba ta faɗi ba.

"Ta warke," ya ce. "Rashin mutuncin ya dawo."

Daga masallacin bakin titi aka kira magariba. Kulu ta zauna a tabarmarta ta miƙe ƙafa, ta dube shi.

"Ni fa, Malam? Ko sai na yi kuka irin nata?"

Ya ajiye daron. Ya tafi ɗakin gadi da sauri-sauri irin na gajeren mutum, ya ɗauko kofinsa na silba, ya ɗauraye, ya cika shi a randa. Ya taho da shi a hannu biyu yana kallon bakin kofin kada ya zube, ya tsuguna a gabanta ya miƙa mata. Ta yi bisimilla ta sha rabi, ta miƙo masa sauran.